Yadda Taswira Ta Raba Kiristocin Arewa Ɗariƙa-Ɗariƙa

Mutumin Kaya ko Bakura da ya shiga Sabon Garin Gusau ranar Lahadi zai ga alluna iri-iri a ƙofofin majami'u: nan Katolika, can Angilikan, gaba kaɗan ECWA da Baftis. A idonsa duk coci ne. Su kuwa na ciki kowa ya san inda ya saɓa da maƙwabcinsa, wani ma har yana rantsuwa tasa ce kaɗai hanya. Sai dai tarihin rabuwar bai goyi bayan wannan tabbaci ba sosai.

Turawan mishan ba tare suka zo ba. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Hausa. Biyun farko suka mutu a shekara mai zuwa, Bingham ya rayu ya gina ƙungiyar mishan ta SIM. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya kai tawagarsa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Dakta Walter Miller da ke cikinsu ya zauna Zariya daga 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa. Karl Kumm na ƙungiyar mishan ta SUM kuma ya isa Wase a 1904.

Da yake gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa'azinsu a masarautun Musulmi, sai suka karkata ga ƙabilun tsakiyar ƙasa, kuma don kada su riƙa taka ƙafar juna suka raba yankuna, kamar magada a kan gona. Nan ne gizo ke saƙa. Mutumin Numan ya zama Lutaran domin 'yan Denmak ne suka sauka garinsu a 1913. Na Garkida ya tashi a cocin 'Yan'uwa, wato EYN ta yau, domin Stover Kulp da Albert Helser sun kafa zango can a 1923. Na Kagoro ya faɗa hannun SIM. Babu wanda aka shimfiɗa wa littattafan Luther da na Calvin aka ce ya zaɓa.

Amma bambancin ya shiga jiki. A Numan ana yayyafa wa jariri ruwan baftisma. A Kagoro sai mutum ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi a rafi. A Garkida kuwa durƙusawa yake yi cikin ruwa, a dulmuya kansa ta gaba har sau uku. Jikokin waɗannan mutane na iya kwana suna gardama a kan rigimar da aka fara a Turai tun ƙarni na 16.

A yi wa mishan ɗin adalci, wasunsu sun ji kunyar abin. Sun taru a Lakwaja a 1910, suka sake zama a Miyango a 1926, da burin kafa ekklisiya guda ta 'yan ƙasa. Ba ta yiwu ba. Cocin SIM suka zama ECWA a 1954, na SUM da 'Yan'uwa suka haɗu a tarayyar da ake kira TEKAN yanzu a 1955. Abin da ya haɗa su da gaske shi ne harshe: Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ya shiga majami'un da ba sa cin Jibin Ubangiji tare.

Ƙasar Zamfara ta samu nata rabon ta wata hanya dabam. Jirgin ƙasa da ya ratsa Gusau har ya isa Ƙauran Namoda a 1929 ya kawo akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, kowa da cocin garinsu. Limaman Dominikan daga Amurka suka karɓi aikin Katolika na yankin Sakkwato a 1953. Kuma gardama a kan wane ne mai gaskiya ba baƙuwa ba ce a nan: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara, ya sha tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya hujjojin ilmin tauhidi ba.

Abin da muhawarar aƙida ta kasa yi, bukatar yin magana da gwamnati da murya ɗaya ta yi shi: a 1976 aka kafa ƙungiyar Kiristoci ta CAN, Katolika da sauran ɗariƙu a inuwa guda. Ko ita ma ba ta tsira ba, domin a farkon 2013 labari ya fito cewa bishop-bishop na Katolika sun jingine shiga harkokinta na ƙasa saboda saɓani da shugabancinta.