Injinan Tururi na Niƙa da Tsaga Katako a Karkarar Amurka

Waɗannan ƙananan injina ne da suka yaɗu a ƙauyukan Amurka cikin ƙarni na 19 na Miladiyya. Kafin zuwansu galibi a bakin kogi ake kafa wuraren niƙa da tsaga katako, domin ruwa ke juya dutse da zarto. Amma tun da aka kafa injin tururi na niƙan alkama na wani mai ƙere-ƙere, Oliver Evans, a Pittsburgh a shekarar 1809, sai al'amari ya sauya, har ya zamana duk inda rijiya da itace suke, mutum kan girka nasa, ya hura wuta da guntayen katakon da ya tsaga, ya ɗebi ladansa cikin hatsin da aka kawo. Wani lokaci tukunyar tururin takan fashe, a yi hasarar rayuka. Injinan fetur da na lantarki ne suka gaje su.