Rajista: Kalmar da Ta Sauya Nauyi a Bakinmu

Kakanninmu a Garwa ba su san rajista ba. Uba yakan kama hannun ɗansa ya kai shi zauren malam da sadaka, a yi addu'a, a rubuta masa allo. Damƙa amana ke nan, shaidarta jama'ar unguwa.

Kalmar rajista asalinta Ingilishi ne, ko da yake Faransa ce ta mulke mu bayan Jamus; a bakin 'yan'uwanmu na Najeriya muka tsince ta. Ma'anarta shigar da suna cikin kundi. Jami'a kuwa Larabci ce, mai tara jama'a.

Da aka kafa jami'ar farko a Yawunde a 1962, ɗan Arewa da ya yi rajista gwamnati ke ba shi kuɗin tallafi, ya ci, har ya aiko wa gida. Gyaran 1993, wanda ya haifar da Jami'ar Ngaundere, ya soke tallafin, ya ɗora wa ɗalibi sefa 50,000 a shekara. Daga nan idan yaro ya ce "zan yi rajista", uba lissafin buhunan masara da audugar bana yake yi.

Marwa ta sami jami'arta a 2008, Garwa a 2022. Tafiya ta ragu, amma wani ruɗani ya saura: dattawa da dama sukan yi walima da zarar sunan yaro ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka. Wannan samun gurbi ne kawai. Sai an biya kuɗi, an karɓi rasit, sannan sunansa ya zauna a kundi.