Shirin Tallafin Tsaro ga Wuraren Ibada da Ƙungiyoyin Sa-kai a Amurka

Shirin Tallafin Tsaro ga Ƙungiyoyin Sa-kai, wanda ake kira Nonprofit Security Grant Program a Turance, ko NSGP a taƙaice, shiri ne na gwamnatin tarayyar Amurka da ke ba wa wuraren ibada, makarantun addini da sauran ƙungiyoyin da ba na neman riba ba kuɗi domin su ƙarfafa tsaron gine-ginensu daga harin ta'addanci. Hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, wato FEMA, ita ce ke gudanar da shi a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Kuɗin ba bashi ba ne, ba a biyan su daga baya, amma ana samun su ne ta hanyar gasa, kuma masu nema sun fi masu samu yawa nesa ba kusa ba.

Tarihi

Majalisar dokokin Amurka ta fara ware wa shirin kuɗi a shekarar 2005, dala miliyan 25, bayan hare-haren 11 ga Satumba, 2001 sun sa an fara kallon wuraren taruwar jama'a a matsayin masu sauƙin kai wa hari. Ƙungiyoyin Yahudawan Amurka, ciki har da Orthodox Union da gamayyar da yanzu ake kira Jewish Federations of North America, su ne suka fi matsa wa 'yan majalisa lamba har aka kafa shi. A shekarun farko ƙungiyoyin da ke cikin wasu zaɓaɓɓun manyan birane kaɗai ke iya nema, kuma kasafin ya yi ta raguwa har ya sauko dala miliyan 10 a 2012.

Hare-hare ne suka sake ɗaga shi. A watan Agustan 2012 an kashe mutum 6 a wurin ibadar mabiya addinin Sikh da ke Oak Creek a jihar Wisconsin. A watan Yunin 2015 an kashe mutum 9 a cocin Emanuel na baƙaƙen fata a Charleston. A 2017 an jefa bam a masallacin Dar Al-Farooq da ke Bloomington a Minnesota, sannan a watan Nuwamba na shekarar wani ɗan bindiga ya hallaka mutum 26 a wani coci a Sutherland Springs, ƙaramin gari a Texas. A kasafin 2018 aka ware dala miliyan 60, kuma karon farko aka keɓe miliyan 10 daga ciki ga ƙungiyoyin da ke wajen manyan birane. Ranar 27 ga Oktoba na wannan shekara aka kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa na Tree of Life a Pittsburgh. Daga nan kasafin ya yi ta hawa: miliyan 90 a 2020, miliyan 180 a 2021, miliyan 250 a 2022, miliyan 305 a 2023. A 2024 an rage shi zuwa miliyan 274.5, sai dai a watan Afrilu majalisa ta ƙara wasu miliyan 400 cikin wani kasafi na musamman, saboda ƙaruwar barazana ga Yahudawa da Musulmi bayan ɓarkewar yaƙin Gaza.

Yadda ake nema

Ƙungiya ba ta tura takardarta kai tsaye zuwa FEMA. Kowace jiha tana da hukumar da aka naɗa ta karɓi takardun, ta duba su, ta ba su maki, sannan ta miƙa wa gwamnatin tarayya, wadda ke yanke hukuncin ƙarshe. Mai nema sai ya kasance cikin ƙungiyoyin da dokar haraji ta yafe wa biyan haraji ƙarƙashin sashe na 501(c)(3). Masallatai, coci-coci da sauran wuraren ibada suna shiga wannan rukuni.

Abu na farko shi ne binciken raunin tsaro: 'yan sanda ko wani masani ya zagaya ginin ya rubuta inda mahari zai iya shiga. Daga wannan rahoto ake cike takardar hujja, inda ƙungiyar za ta bayyana barazanar da ta fuskanta da kuma yadda kowane abin da take son saya zai toshe wata kafa da rahoton ya nuna. A 2023 iyakar abin da ake bayarwa dala 150,000 ne ga kowane gini, kuma ƙungiya ɗaya na iya nema wa gine-gine uku. Wajen lissafin maki, an riƙa ninka na ƙungiyoyin addini sau uku, na asibitoci da makarantu sau biyu.

Ana kashe kuɗin kan kyamarorin tsaro, ƙofofi da makullai masu ƙarfi, shinge, fitilu, gilashin da ba ya tarwatsewa, turakun hana mota kutsawa, horar da ma'aikata, da ɗaukar masu gadi na haya. Ba a sayen makamai da su. Muhimmancin horo ya fito fili a watan Janairun 2022, lokacin da wani mutum ya yi garkuwa da masu ibada a Colleyville ta jihar Texas. Limamin wurin, Charlie Cytron-Walker, ya ce horon da ya samu ne ya taimaka masa ya jefi maharin da kujera suka tsere.

Suka da matsaloli

Tun farko wasu ƙungiyoyi, har da na Yahudawa masu sassaucin ra'ayi, sun nuna damuwa cewa ba wa wuraren ibada kuɗin gwamnati ya saɓa wa raba addini da mulki da tsarin mulkin Amurka ya tanada. Wannan muhawara ta lafa bayan hare-haren da suka biyo baya. An kuma yi ƙorafin cewa a shekarun farko mafi yawan kuɗin ya tafi ga cibiyoyin Yahudawa, abin da masu kare shirin suka danganta da yawan barazanar da suke fuskanta da kuma daɗewarsu da sanin hanyar nema.

Matsalar da ta fi damun ƙananan wurare ita ce tsarin biyan kansa. Ƙungiya ce ke fara kashe kuɗinta, daga baya a mayar mata, kuma kafin a taɓa gini sai an jira amincewar masu duba muhalli da gine-ginen tarihi. Cibiyar da ke da akanta da ma'aikacin rubuta takardun neman tallafi za ta iya jure wannan. Ƙaramin masallaci ko coci na baƙin haure da ke dogara da sadakar mako-mako da wuya ya iya. Ga wasu Musulmi kuma akwai ɗari-ɗari da miƙa bayanan masallaci ga ma'aikatar da ke kula da shige da fice. A 2023 da 2024 ƙasa da rabin waɗanda suka nema ne suka samu.

Makamantansa a wasu ƙasashe

Birtaniya ta buɗe nata shirin kare wuraren ibada a 2016, tana kuma da wani tallafi na daban ga cibiyoyin Yahudawa wanda ƙungiyar Community Security Trust ke rabawa. Kanada ta fara irin wannan shiri tun 2007.