Tsakuwar mafitsara: abin da ke kawo ta da yadda ake cire ta

Tsakuwar mafitsara dunƙulen gishiri ne da ke daskarewa a cikin mafitsara idan fitsari ya daɗe kwance bai fita duka ba. Takan fara kamar ƙwayar gero, ta girma har ta kai ƙwan kaza ko ta fi. Mai ita yakan ji ciwo a mara, ya riƙa yawan fitsari da zafi, wani lokaci jini ya biyo a ƙarshe. Alamar da ta fi nuna ta ita ce fitsari ya tsaya cak ana cikin yi, sai mutum ya gyara zama sannan ya ci gaba. Yaro ƙarami kuwa kuka yake yi yana jan gabansa.

Galibi akwai wata larura a bayanta. Ga dattawa, kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, shi ke tare hanya. Ga matasa, tsukewar hanyar fitsari ce bayan ciwon sanyi ko rauni. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da madatsun ruwa, takan lalata bangon mafitsara. Masu yoyon fitsari kuma sukan rage shan ruwa don gudun jiƙewa, fitsarin ya yi kauri. Shi ya sa ake duba tsakuwa kafin a yi musu gyara a cibiyoyi irin ta tarayya da ke Ningi. Zafin bazara da ƙarancin shan ruwa suna ƙara wa abin ƙarfi.

Duk baƙon abin da ya zauna a mafitsara, gishiri zai lulluɓe shi ya zama tsakuwa. Akwai robar fitsari da ta wuce lokacin canji, da zaren ɗinkin tiyata, da robar tazarar haihuwa da ta huda mahaifa ta ƙaura, da abin da mutum ya cusa da kansa kunya ta hana shi faɗa. Mafi ban takaici ita ce siririyar robar da likita ke sawa tsakanin ƙoda da mafitsara bayan aiki. Ta wucin gadi ce, amma da yake ba a ganinta daga waje, wasu suna samun sauƙi sai su manta da ranar komawa. Idan ta shekara a ciki, cire ta kan zama babban aiki, tana iya ma kashe ƙodar.

Aikin tsoho ne. Abul Ƙasim al-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana shi a littafinsa At-Tasrif. A 1824 Jean Civiale ya farfasa tsakuwa a Faransa ta hanyar fitsari ba tare da yanka ba.

A yau hanyoyi biyu aka fi bi, bayan an tabbatar da ita ta hoton ciki da gwajin fitsari. Ta farko, a zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari, a farfasa tsakuwar da leza ko wata na'ura, a wanke ɓarɓashin. Majinyaci kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Da wannan bututun ake zaro yawancin baƙin abubuwa. Ta biyu, a tsaga mara a buɗe mafitsara a ɗauke ta ɗungurungum, yawanci da allurar kashe rabin jiki, sannan a bar robar fitsari kamar mako ɗaya zuwa biyu har ɗinki ya kama. Ita ake zaɓa idan tsakuwar ta yi girma, ko za a gyara furostet a lokaci guda, ko babu na'ura. Idan an cire tsakuwa aka bar abin da ya tare hanya, za ta dawo. Jiƙe-jiƙe da maganin kanti ba sa narkar da wadda ta riga ta girma.

A birnin Bauchi, mazaunin Ƙofar Ran zai iya farawa daga cibiyar lafiya ta unguwa, amma tiyatar ta babban asibiti ce, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda ake da likitocin mafitsara. Wanda fitsarinsa ya ɗauke gaba ɗaya, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka haɗu masa da waɗannan alamu, sashen gaggawa zai nufa kai tsaye. Wanda aka sa wa roba kuma ya nemi a rubuta masa ranar cirewa a katinsa kafin a sallame shi.