Ƙugiyar da Ke Riƙe Haƙorin Roba

A zamanin Pierre Fauchard, wanda ya wallafa littafinsa kan haƙori a Faransa a 1728, mai giɓi ɗaure masa haƙori ake yi. A sassaƙa hauren giwa, a ɗaura shi da zare ko wayar zinariya a jikin haƙoran da ke gefe. Yana zama kam, amma maƙwabtan nan su ke ɗanɗana kuɗarsu: a hankali su fara girgiɗi, su ma su fita.

Da robar vulcanite ta shigo bayan 1850, sai aka koma lanƙwasa waya da hannu ta rungumi haƙori, mai haƙorin robar ya cire ya mayar da kansa. Sai dai komai da ido ake aunawa, wata ƙugiyar ta matse, wata ta yi sako-sako.

A 1907 William Taggart ya kawo zubin ƙarfe ta hanyar narkar da kaki, dabarar da maƙeran Ife da Benin suka daɗe da sani. Daga nan abubuwa suka zo a jere. A 1923 kamfanin Ney ya fitar da na'urar da ke shata inda haƙori ya fi kumburi, domin a ƙarƙashin wannan layin ne bakin ƙugiya ke samun maƙali. Polk Akers ya bayyana ƙugiyarsa mai zagaye haƙori a 1925. Wajajen 1932 kuma Vitallium, gamin kobalt da kuromiyam, ya fara ture zinariya saboda arha. Ƙarfe ne mai tauri, shi ya sa ba a bari ya shiga ƙarƙashin kumburin fiye da milimita 0.25.

A ganinmu, babban sauyin sai daga baya ya zo. Wanda ya rasa haƙoran baya duka, in ya tauna, robar takan nutse cikin dasashi, ƙugiyar kuma ta riƙa ɓanɓarar haƙorin da ta kama. Kratochvil a 1963, sannan Krol a 1973, suka matsar da majingina, wato ƙarfen da ke zama a saman haƙorin, zuwa gefensa na gaba, suka sa siririn sanda ya taso daga wajen dasashi. Da an tauna, sai ya saki haƙorin maimakon ya ja shi.

Yanzu kwamfuta ke zana wasu, ana kuma yin na nailan mai launin dasashi. A asibitocinmu na Najeriya dai, yawanci har gobe waya ake lanƙwasawa da filaya a dasa cikin roba, domin ita ce daidai aljihun majinyaci.