Lugga da Matarsa Flora Shaw: Takobi da Alƙalami

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin ƙasarmu ya san sunan Gwamna Lugga. Kaɗan ne suka san matarsa, Flora Shaw, in ban da jin cewa ita ce ta raɗa wa Nijeriya suna. Mu a nan za mu duba su su biyun tare, domin a ganinmu aikin ɗaya ba ya fahimtuwa in ba a haɗa da na ɗayan ba. Shi ya taka ƙasa da sojoji, ita kuwa ta shirya yadda mutanen Ingila za su ji labarin.

An haifi Frederick Lugard a Madaras ta ƙasar Indiya a 1858. Mahaifinsa limamin coci ne, mahaifiyarsa kuma ta yi aikin mishan. Ya shiga soja, daga baya ya zama irin mutanen nan da kamfanonin Turawa ke turawa bakin iyaka su ƙulla yarjejeniya da sarakuna. A Uganda, cikin 1892, da rikici ya ɓarke tsakanin 'yan Furotesta da 'yan Katolika a Mengo, ya goyi bayan 'yan Furotesta da bindigogi, aka zubar da jini mai yawa. 'Yan mishan na Faransa suka kai kukansu Turai, sunansa ya fara ɓaci. Bai kamata mai hidima ya wuce wannan wuri da sauri ba: Kirista ne suka kashe Kirista, Bature kuma ya ci moriyar faɗan.

Da ya koma Ingila sai ya rubuta littafi a 1893 don ya wanke kansa. Ta wannan littafi ya haɗu da Flora, wadda ta girme shi da shekara 5, kuma a lokacin ita ke kula da labaran ƙasashen mulkin mallaka a jaridar Times ta Landan. Ba ƙaramar mace ba ce. Ta yi tafiya Afirka ta Kudu da Ostareliya, a 1898 kuma ta kai har filayen zinariya na Kulondaik a arewacin Kanada. Tana da kusanci da Cecil Rhodes, har a 1897 kwamitin majalisar Ingila ya kira ta ta yi bayani a kan harin da Jameson ya kai ƙasar Taransibal. Ministoci suna karanta abin da ta rubuta kafin su yanke shawara.

A 1894 Kamfanin Neja na George Goldie ya tura Lugga ƙasar Borgu, ya riga Faransawa isa Nikki da 'yan kwanaki, ya ƙulla yarjejeniya. Ranar 8 ga Janairu 1897 Flora ta ba da shawara a jaridarta a riƙa kiran yankunan kamfanin da suna Nijeriya. Ku lura, a wannan rana ba ta taɓa ganin Kwara da idonta ba. A Anka kuwa Sarkin Zamfara yana kan gadonsa, haka Sarkin Mafara a Gummi da Sarkin Danko a Bukkuyum, duk suna bin Sarkin Musulmi, ba wanda ya sani an sa su cikin wata sabuwar ƙasa a takardar jarida.

Lugga ya zama Babban Kwamishinan Arewa ranar 1 ga Janairu 1900 a Lakwaja. An ɗaura aurensu a 1902 a tsibirin Madera. Flora ta biyo shi Zungeru, amma zazzaɓi bai bar ta ta daɗe ba, ta koma gida. Wannan komawa ita ce ta fi yi masa amfani, don kuwa ya sami wakiliya a Landan daidai lokacin da ya fi bukata.

Ga dalili. Bayan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a Oktoba 1902 ya gudu Kano, Lugga ya shirya yaƙi ba tare da ya jira cikakken izinin Ofishin Mulkin Mallaka ba. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. A ƙarshen watan aka gwabza a Kwatarkwashi, nan cikin ƙasar Zamfara, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi cikin Yuli. A 1906 kuma aka shafe Satiru, kusa da Sakkwato, aka kashe mutane wajen 2,000. A Ingila akwai masu tambaya ko wannan zubar da jini ya zama dole.

Amsar Flora ita ce littafinta na 1905, A Tropical Dependency. Dole mu yi mata adalci: ta ba da labarin daulolin Gana da Mali da Songai da Barno da ƙasar Hausa da girmamawa, a zamanin da Turawa da yawa ke cewa baƙar fata ba shi da tarihi. Amma duk labarin an jera shi ne don ya kai ga wuri ɗaya, wato mulkin Fulani ya lalace ya koma farautar bayi, mijinta kuma ya zo ceto. Bautar gaskiya ce, ba mai musu. Abin da ba ta tsaya a kansa ba shi ne mutanen da bindiga ta ci a hanya. Ta kuma bi manyan 'yan siyasa ɗaya bayan ɗaya, har da Winston Churchill, tana neman a yarda mijinta ya riƙa mulkin Arewa rabin shekara daga Landan don su zauna tare. A nan ba ta ci nasara ba. Lugga ya ajiye aiki a 1906, aka ba shi gwamnan Hon Kon, bai dawo ba sai 1912, ya haɗe Arewa da Kudu a 1914.

Inda abin ya taɓa ikilisiya kai tsaye shi ne alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato cikin Maris 1903, ranar naɗin sabon Sarkin Musulmi, cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba. Ɗan limamin coci ne ya yi shi, kuma ba don ƙaunar wani addini ba, sai don sojojinsa kaɗan ne, yana bukatar sarakuna. Razdanonin da suka biyo baya sun fassara alkawarin da hana 'yan mishan zama a masarautu. Dakta Miller ya samu ya zauna a birnin Zariya a 1905, amma Lardin Sakkwato bai buɗe sosai ba sai a shekarun 1930, ta hanyar jinyar kutare a wurare irin su Amanawa. Don haka masu cewa Lugga ne ya kawo Kiristanci Arewa, ko cikin abokai ko cikin masu zargi, ba su duba takardu ba.

Anka da Gummi da Bukkuyum sun zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, sarakunansu aka mai da su hakimai masu tara haraji da jangali, kuma ba su fita daga inuwar Sakkwato ba sai da aka kafa Jihar Zamfara a 1996. Flora ta rasu a 1929. Lugga ya ƙara shekara 16 a duniya, ya bar ɗakinta yadda ta bar shi har ya bi ta a 1945.