Ƙararrawar Ƙauyukan Ingila: Kiɗan Lissafi

Wannan makon za mu leƙa ƙauyukan Ingila.

Duk baƙon da ya hau matsattsiyar matakalar hasumiyar cocin ƙauye a daren atisaye, zai tarar da mutum shida ko takwas sun yi da'ira, kowa riƙe da igiyar da ta sauko daga rufi, kowace igiya da ƙararrawarta. In baƙon ya iya, sai a miƙa masa igiya ko da ba a san sunansa ba. Makaɗa na yawo ƙauye-ƙauye don wannan kawai.

Al'adar ta kafu ne a ƙarni na 17, lokacin da Turawan Ingila suka riƙa ɗaure ƙararrawa jikin babbar da'irar katako mai kama da ƙafar amalanke, ta yadda za ta juya gaba ɗaya. Sai dai ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan kilo na buƙatar kusan daƙiƙa 2 kafin ya sake bugawa, don haka ba a iya fitar da amon waƙa da shi. Da suka ga haka, sai suka koma sauya jeri: 123456, sai 214365, sai 241635. Ƙa'idar ita ce kada ƙararrawa ta tsallake fiye da gurbi ɗaya, kuma kada a maimaita jerin da aka riga aka buga. Duk da ka ake yi, ba a duba takarda.

Fabian Stedman ya bayyana tsarin a littafinsa Campanalogia a 1677. Ƙararrawa bakwai na ba da jeri 5,040, kuma buga su duka na cin kusan awa uku ba hutu. A 1715 makaɗan cocin St Peter Mancroft a birnin Norwich suka kammala wannan dogon bugu, kuma shi ne na farko da aka adana shaidarsa.

A Yunin 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta hana kaɗa ƙararrawa sai in sojojin Jamus sun shigo ƙasar. Ƙauyuka suka yi tsit. An ba da izinin bugu a Nuwamban 1942 don murnar nasarar El Alamein, sannan aka ɗage haramcin a 1943.

Ga inda abin ya shafe mu. A 1934 Dorothy Sayers ta fitar da The Nine Tailors, labarin binciken kisa da ta gina kacokan a kan hasumiyar wani ƙauye. Ita ba makaɗiya ba ce. Zama ta yi ta karanci lissafin har ta fahimce shi, sannan ta ɗauki alƙalami. Mu kuwa sau nawa muke saka maƙeri ko marini cikin labari ba mu taɓa zama a maƙera ko bakin karofi ba?

Wace sana'a ce kuka taɓa zuwa koyo saboda labarin da kuke rubutawa? Muna sauraronku.